Motar aro da abokinka yake son ɗauka haya

Jiya ka tsare ni ina ƙarƙashin mota kana tambaya, wai abokinka yana son ya ɗauki hayar farar motar nan da muka cire daga cikin motocin aro, waɗanda muke ba mutum ya hau kafin a gama gyaran tasa, hayar shekara uku, kuɗin wata ya yi masa daɗi, ko da wata matsala. Yaro, ba a yi wa mutum irin wannan tambaya hannunsa cike da baƙin mai. Ga amsarka yanzu.

Ba zan zauna in koya maka lissafin haya ba. Wanda ya yi wata shida a dila a Amurka bai gane yadda ake fitar da kuɗin wata ba, gara ya koma wankin mota. Araha kam akwai ta. Sau da yawa irin wannan mota ba a taɓa rubuta ta da sunan wani mai saye ba, don haka bankin kamfanin da ya ƙera ta yana karɓarta a tsarin sabuwa, dila kuma ya rage farashi don ta bar masa fili. Motar gwaji da manaja ya yi ta hawa ma haka take. Amma garanti ba ya jiran abokinka. Tun ranar da aka shigar da ita aikin aro ya fara ƙirga. Toyota shekara 3 ko mil 36,000 take bayarwa, BMW da Lexus shekara 4 ko mil 50,000. In mai garantin shekara uku ta yi wata takwas tana aro, ya ɗauke ta hayar wata 36, to wata takwas na ƙarshe duk abin da ya lalace aljihunsa ne. Sai kuma mil ɗin da ke kanta. A rubuta shi a takarda, a fara ƙirga nasa daga nan, in ba haka ba ranar mayarwa zai biya tafiyar da wasu suka yi, kowane mil senti 15 zuwa 30.

Wannan duk takarda ce, mai ido zai gani. Abin da ya sa na zauna na rubuto maka daban ne.

Shekarun baya, da sanyi, wani mutum ya kawo motarsa gyaran giya. Mai fara'a, mai tsadaddiyar riga, yana kiran kowa da sunansa. Aka ba shi motar aro sabuwa fil, ko ledar kujerar baya ba a gama cirewa ba. Ashe a cikin ƙanƙara ta kwace masa ya daki bakin titi, ya lanƙwasa ƙafar gaba ta dama, ya farfasa gefen. Bai kira mu ba, bai kira inshora ba. Ya kai wa wani fanelbita na bayan gida aka buga, aka cike, aka fesa fenti. Ya zaɓi lokacinsa, ya dawo da ita da magariba ana yayyafi, don ya san jiƙaƙƙiyar mota ba ta nuna bambancin fenti. Yaron da ke karɓar makullai, sa'anka ne a lokacin, kansa na cikin waya. Ko zagaya motar bai yi ba. Ya karɓi makulli ya ce a sauka lafiya.

Da lokacin cire ta ya yi, wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya zo neman mota. Mutum ne mai iyali, aikin dare yake yi, kowace dala da guminsa. Ya ce da ni, Malam, ni ban san mota ba, kai na sani. Na buɗe masa Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota da haɗarin da ta yi, fes. Yo ina za ta nuna, tunda ba ɗan sanda ba inshora? Takardar karɓa ta ce lafiya aka dawo da ita. Ya sa hannu a kan maganata.

Ba a jima ba sitiyari ya fara ja dama, tayar gaba ta cinye ta ciki har waya ta fito. Muka ɗaga ta, na haska tocila, na ga ƙarfen ƙafar da alamar wutar da aka gasa shi aka miƙe, ga feshin fenti a kan robar cikin taya inda fenti ba shi da dalilin zuwa. Kamfani ya ce wannan haɗari ne, garanti ba ruwansa. Manaja ya ce motar ta daɗe a hannun mai haya, wa ya san ko shi ya buga? Dattijon da ko jan wuta bai taɓa ƙetarewa ba! Ni na sayi kayan ƙafar da tayoyi da kuɗina, na yi aikin bayan an tashi. Ranar mayarwa mai dubawa ya ɗora na'urar auna kaurin fenti, ya rubuta mummunan gyara, aka aiko wa bawan Allah da takardar biya. Ita ma ni na biya.

Kuɗin ba su ne suka tsaya min a rai ba. Dattijon bai taɓa faɗa min baƙar magana ba, amma daga shi har 'yan'uwansa ba wanda ya sake zuwa wurina neman mota. Shi kuwa mai tsadaddiyar rigar ya dawo canjin mai yana murmushi. Na tare shi, ya dube ni ya ce in kawo takardar da ta nuna shi ne. Har yau in na tuna fuskarsa sai abinci ya fita raina. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu kun ɗauka abin da kwamfuta ba ta nuna ba bai faru ba. Motar aro kuwa hannu nawa ta shiga? Kowa ya san ba tasa ba ce, ya taka ta yadda ba zai taka tasa ba, ya faɗa rami bai ji zafi ba. Birki da tayoyin da suka ci, abokinka ne zai sauya su kafin ya mayar.

Ban ce kada ya ɗauka ba. Na sha ba mutane irinta suka ji daɗi. Amma gobe, da rana tsaka ba da yamma ba, ka fito da ita a bushe. Ka ɗaga ta, ka shafa cikin kowace taya da hannunka, ka sa na'urar fenti a kowace ƙofa, ka ɗora ta a injin saiti ka buga sakamakon a takarda. Ka karɓo ranar da garantinta ya fara da lambar bodi, kada ka yarda da bakin mai sayarwa. Duk ƙwarzane, komai ƙanƙantarsa, a ɗauki hoto a rubuta manaja ya sa hannu kafin abokinka ya sa nasa. In ka gama ka kira ni in duba da idona. Wayarka kuma ka bar ta a aljihu.