Da gaske fim da hoto suna ƙwato wa mata haƙƙinsu, ko kallo ne kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina ɗaukar hoto, na iya haɗa fosta da ɗan editin ɗin bidiyo a kwamfuta. Ni da ƙawayena uku muna son fara aiki a kan matsalolin mata, irin su duka a gidan aure da cire yara mata daga makaranta da danne musu gado, amma yayana yace ɓata lokaci ne, mutane zasu kalla suce Allah sarki su wuce. Dan Allah hoto ko fim ya taɓa canza wani abu? Kuma ta ina zamu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi naji daɗin tambayar nan, kuma kar kiji haushin yayanki domin rabin maganarsa gaskiya ce. A 2012 an saki wani bidiyo a kan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen Uganda mai sace yara, cikin kwana shida an kalle shi sama da sau miliyan 100, duniya ta ɗauka kamar gobe za a kamo shi, amma aka shafe sama da shekara goma ba a kama shi ba. Toh kinga yawan kallo daban, canji daban.

Amma ɗaya rabin fa bai faɗa miki ba. A 2015 wata 'yar Pakistan, Sharmeen Obaid-Chinoy, ta fitar da fim na minti 40 mai suna A Girl in the River, labarin gaske ne na wata yarinya da ta auri wanda take so, mahaifinta da ɗan'uwansa suka harbe ta suka jefa a kogi, Allah ya yi da sauran kwananta. Abinda yasa nake yawan kawo fim ɗin nan ga masu koyo shi ne bai tsaya a kan kuka da tabon fuskarta ba, ya bi ta har inda aka taru a kanta ana matsa mata sai ta yafe, domin a dokar ƙasar a lokacin idan dangi suka yafe sai a saki mai laifin, to kuma mai kisan da masu yafewar duk 'yan gida ɗaya ne, kinga an bar ƙofa a buɗe kenan. Fim ɗin sai ya ɗora yatsa a kan wannan ƙofar. A watan Fabrairun 2016 firaminista Nawaz Sharif ya sa aka haska shi a ofishinsa, kwanaki kaɗan bayan nan fim ɗin ya ci babbar kyautar fina-finai ta Oscar, a watan Oktoba majalisa ta gyara dokar, ko dangi sun yafe sai mutum ya sha ɗaurin rai da rai. Ba fim ɗin kaɗai ya yi aikin ba, lauyoyi da 'yan majalisa mata sun daɗe suna turawa, sannan kisan Qandeel Baloch, wata matashiya da ta yi suna a intanet, da ɗan'uwanta ya yi a watan Yuli na shekarar ya ƙara tunzura mutane, kuma har yanzu ba a daina irin wannan kisan ba. Amma gani ya kori ji, abinda aka yi shekaru ana rubutawa a takarda sai gashi mai mulki ya zauna ya kalla da idonsa.

Saboda haka kafin ki kunna kyamara ki amsa wa kanki abu biyu, wa nake so ya ga wannan, kuma in ya gani me nake so ya tashi ya yi. In amsarki ita ce "kowa da kowa, don a wayar da kai" to baki shirya ba tukuna. Akwai wani shirin talabijin na Afirka ta Kudu, Soul City, da a 1999 ya nuna wata mata da mijinta ke dukanta, sai maƙwabta suka fito ƙofar gidan suna buga tukwane don ya san an ji kuma ba a yarda ba. Ki lura, maƙwabci aka yi wa magana, aka bashi abinda zai iya yi da hannunsa ba tare da ya shiga ɗakin wani ba, aka kuma haɗa da lambar waya ta kyauta ta neman taimako, masu shirin suka haɗa kai da ƙungiyoyin mata suna matsa wa gwamnati ta fara aiki da dokar hana cin zarafi a gida da aka sa wa hannu tun 1998, kuma a Disambar 1999 ta fara aiki.

Yanzu ga inda nafi so ki tsaya, domin nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. A 1936 Dorothea Lange ta ɗauki hoton wata uwa da 'ya'yanta a sansanin 'yan ci-rani a Kalifoniya lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, hoton ya shiga jarida, gwamnati ta aika da abinci sansanin, amma kafin ya iso matar da iyalinta sun riga sun tashi. Fuskarta ta zagaye duniya, sunanta kuwa sai a 1978 jama'a suka san shi, kuma ta faɗa da bakinta cewa ko sisi bata samu ba. Wannan labarin yana min ciwo duk lokacin da na tuna shi. Ke zaki ɗauka ki koma gida ki kwanta, ita kuwa matar da kika ɗauka gobe da safe da mijin nan da dangin nan da maƙwabtan nan zata tashi, kar garin gyaran gira a rasa ido.

Don haka neman izini ba wai kice "zan ɗauke ki" tace toh ba ne. Ki zauna ki faɗa mata ina za a nuna, su wa zasu iya gani, ki gaya mata abinda ya hau intanet baya saukowa, in kin gama editin ki kai mata ta kalla kafin kowa, in tace a cire a cire ko da shi ne wurin da yafi kyau a aikin. Yarinyar da bata kai 18 ba kar ki nuna fuskarta a maganar fyaɗe ko duka ko da iyayenta sun yarda. Kuma dusashe fuska kaɗai baya rufa asiri, ana gane mutum ta murya, ta zobe, ta labulen ɗakinta, sannan waya tana ajiye bayanin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, ki shiga saitin ki kashe. Kar ki tono wa mace ciwonta alhali baki da likita ko lauya ko wata ƙungiya da zaki haɗa ta da su. Ambaton sunan wanda ake zargi kuwa, ki tuntuɓi lauya tukuna.

Akwai hanyar da nafi ƙauna ma, ki miƙa musu kyamarar. A farkon shekarun 1990 Caroline Wang da Mary Ann Burris sun raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, suka ɗauki rayuwarsu da kansu, jarirai kwance a gona uwa na aiki, yara mata suna raino a lokacin da ya kamata suna aji, aka baje hotunan gaban jami'an gwamnati matan na bayani da bakinsu, daga nan aka samu wuraren renon yara da tallafin karatu ga 'yan mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yanzu da waya ma za a yi.

Fosta kuma kar ki raina ta. Matan Ingila masu neman 'yancin zaɓe tun 1908 suka tsayar da kala uku, shunayya da fari da kore, iyaye mata a Ajantina daga 1977 da farin ɗankwali aka san su suna neman 'ya'yansu da sojoji suka ɓatar, yau kuma ruwan lemo ne kalar kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba. Saƙo ɗaya, kalmomi kaɗan, a harshen mai kallo, wanda za a iya karantawa a ƙaramar waya. Kuma dan Allah a huta da hoton nan na mace a rakuɓe an toshe mata baki, ido ya saba da shi, kuma kullum a matsayin abar tausayi yake nuna ta. Zane na hannu ko katun yafi, zai bada labarin gaske ba tare da an ga fuskar kowa ba.

Ku huɗu ne, matsala uku ta muku yawa a farko. Ni da zaku bi tawa da kun ɗauki maganar makaranta, ita tafi sauƙin haɗari, ku nemo uba guda da ya bar 'yarsa ta gama karatu ku bar shi ya faɗi dalilinsa a minti uku, domin uba yafi jin maganar uba ɗan'uwansa, sannan ku kai wa iyaye da malamai su kalla a zaune ku saurari abinda zasu ce. In kun haɗa na farko ki fara nuna wa yayan nan naki, ki tambaye shi a wane minti ne hankalinsa ya fara barin wurin, sai ku koma ku gyara daidai nan.