Shafin tara aikinka na jarida

Ɗan'uwa ka ce ta ina za ka fara haɗa shafin da editoci za su ga rahotanninka. Ni dai shawarata kar ka wahalar da kanka da koyon kodin, WordPress, wato manhajar haɗa shafin intanet, ya ishe ka, ko Journo Portfolio da Clippings.me da dama don 'yan jarida aka yi su. In da hali ka sayi domain, wato adireshin shafin intanet, da sunanka, ya fi kwarjini.

Abin da mutane ke sakaci da shi shi ne link na mutuwa wallahi, jarida ta canza shafi ko ta rufe gaba ɗaya, edita ya danna ya ga 404, wato ba a sami shafin ba, shikenan ya wuce abinsa. Don haka duk labarin da ya fita ka ajiye shi a PDF ranar, ka kuma adana shi a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye kwafin shafukan intanet. Amma kar ka kwafe rubutun duka ka manna ba ka duba yarjejeniyarku da gidan jaridar ba, sau da yawa haƙƙin mallakar nasu ne, sakin layi ɗaya da link ya wadatar.

Kuma kar ka zuba komai fa, zaɓi kamar 10 mafi ƙarfi, na bincike a sama, imel ɗinka a fili, sannan ka buɗe shi a waya ka gani ko yana saurin hawa.