Tambaya da Amsa: In bar tekwando in koma taici?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, ina aiki har bayan isha'i kuma tsoron masu ƙwacen moto da waya ne ya sa na shiga tekwando. To sai nake ganin bidiyon tsofaffin ƙasar Sin masu taici, wai ƙarfin ciki ya fi na waje, ɗan taɓi kaɗan sai ƙato ya zube. In bari ne in koma can, ko ana haɗawa?
Mai karatu daga Garin Malam

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka bar tekwandonka, wasan da Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa da shi a Riyo a 2016 ba na yarwa ba ne.

Rabon nan na ciki da waje daga Sin ya fito. Na waje shi ne irin na gidan ibadar Shawolin da ke Sin, naushi da shuri da gudu da taurin jiki. Na ciki kuma irin su taici da bagwa, a hankali ake yin su, ana gyara tsayuwa da numfashi da sakin kafaɗa don ƙarfi ya taso daga ƙafa ya bi ta ƙugu kafin ya iso hannu. Babu wani siddabaru a ciki, kuma haɗa su ba sabon abu ba ne, karaten Goju-ryu na tsibirin Okinawa da ke Japan tun asali bugu mai ƙarfi da horon numfashi tare yake koyarwa.

Su waɗancan bidiyoyin kuwa ka lura da kyau, yawanci ɗaliban malamin ne ke faɗuwa. A 2017 wani ɗan wasan faɗan MMA mai haɗa dambe da kokowa, Xu Xiaodong, ya kara da wani malamin taici a birnin Chengdu, ko minti ɗaya ba a yi ba malamin yana ƙasa yana kare kai, don horon da ba a gwada shi da wanda ke turjewa da gaske ranar faɗa ba ya fitowa.

In ka tambaye ni, abin da masu taici ke nema a wasansu na tura hannu, wato ka ji inda nauyin abokin karawa ya karkata ka bi da shi ta can, 'yan kokowarmu sun daɗe da shi. Je ka filin kokowa ka roƙi wani ya riƙa kama ka ko sau ɗaya a sati, dama tekwando ta fi ƙarfi a ƙafa, da an rungume ka shurin ya ƙare. Da asuba kuma ka tsaya minti 10 gwiwa a ɗan lanƙwashe kafaɗa a sake kana jan numfashi ta hanci har ciki, shi zai rage maka haki da rawar jiki in abu ya taso.

Amma fa in mutum ya zaro wuƙa, ko su biyu ne uku, wallahi babu maganar ciki ko waje, sauka ka ba su makulli ka yi ta kanka, in gari ya waye ka kai ƙara komisariya da takardun moton.