Ragon suna da tiya biyu

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Barka da arziki. Allah ya raya yaron nan, ya ba mai jego lafiya.

Ka ce wani ɗan'uwa a ƙungiyar matasa ya tare ka bayan sujada, wai sunan kwana bakwai da rago da goro da askin wanzami ba na masu bi ba ne, ko dai na Musulmi ne ko na arna, kuma in kana son a san gidanka na Almasihu ne sai ka watsar da su duka, ka sa wa yaro sunan Turawa. Ita kuma mahaifiyarka, ƙanwata, ta kafe sai an yanka rago, ko da za ka ranto jika 120. Kana tambaya wanne ne daidai. Zan faɗa maka, amma sai ka yi haƙuri da kewaye-kewayen tsoho.

Ka buɗe Luka sura ta 1. Da aka haifi Yahaya Mai Baftisma, a rana ta takwas dangi da maƙwabta suka taru, har da gardamar suna: su suna cewa Zakariya, uwa ta ce a'a, sai da uban ya sa aka kawo masa allo ya rubuta. Ashe rigimar gidanku ba sabuwa ba ce. A sura ta 2 shi kansa Yesu an raɗa masa suna rana ta takwas, bisa al'adar mutanensa. Da Maryamu ta yi arba'in suka kai shi Haikali. Littafin Firistoci sura ta 12 ya ce mai jego ta kawo ɗan rago, in ba hali ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tantabaru biyu. Yusufu da Maryamu tsuntsaye suka kai. Wannan ayar ta ishi ƙanwata amsa, amma kada ka kuskura ka karanta mata da kanka, bar ni da ita.

Shi ɗan'uwan naka ban ga laifinsa ƙwarai ba. Wanda ya yi wayo a 2015 ya ji an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, ya kuma ga wadda aka cinna wa wuta nan unguwar Zariya ta Maradi a 2019, dole zuciyarsa ta so ta ja katanga. Sai dai ya ɗauki tufa ya mai da ita addini. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a ciki Ishaya ne da Iliya da Dauda da Haruna, sunayen da ake kira a kowace kusurwa ta Maradi. Wanda ya sa kwat ya ɗaura wa wuyansa igiya a zafin bazara al'ada yake bi shi ma, ta wasu ce kawai.

Ba ka san kakanka ba. Bagobiri ne na wajen Tsibiri, tsage a kumatu har kunne. Kuturta ta kai shi Danja 'yan shekaru bayan da mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin kutare a garin a 1956, can ya ji bishara. Ran da ya dawo ya tsinke layun da ke damtsensa da gurun ƙugunsa, ya ce ba zai raba dogara biyu ba. Abin da ya yar ke nan. Rigarsa da hularsa suna nan, yana durƙusa wa manya, ba ya shiga gidan kowa ba sallama, kuma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. Bai iya karatu ba, mu muke karanta masa.

Ni kuwa na yi lakwal, na iya waƙoƙin sujada duk da ka, ran Lahadi farar riga fes, kujerar gaba. Kowa na cewa wane mai bi ne na ƙwarai. A yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda Najeriya ta rufe iyaka a shekarar, ina sayar da hatsi a kasuwa. Tiya biyu gare ni. Mai zurfi da ita nake auna na 'yan ƙauye in saya, ɗayar kuwa na sa an ɗan bubbuga gindinta ya shigo ciki, da ita nake auna wa mata masu zuwa da 'yan kuɗinsu ƙulle a bakin zane. Kuma ina fitar da zakka ta Ikilisiya daga ribar, ban taɓa fashi ba.

Wata rana tsohon ya zo rumfata ya zauna kan buhu. Idonsa ya riga ya yi rauni. Ya jawo tiyar farko ya shafa cikinta da dungulmin hannunsa, ya jawo ta biyu ya shafa, ya daɗe a wurin da ƙarfen ya tasa. Hannun da aka ce ba ya jin ko zafin wuta, shi ya gane. Ya ce, "Kai, wace ta Lahadi, wace ta Litinin?" Bai ƙara ko kalma ba. Ya sa ta biyun cikin aljihun rigarsa ya tafi. Ran da ya rasu na same ta a ɗakinsa, yana zuba wa kaji tsaba da ita. Duk sanda aka karanta Matiyu 23, inda Yesu ya yi maganar masu wanke bayan ƙwarya su bar cikinta, sai in ji wuyana ya yi nauyi. Ban sa laya ba, ban je bori ba, ban sha burkutu ba, amma ni ne ke da abin tuba a gidan nan, ba shi ba.

Saboda haka ga yadda nake gani. Ka yi suna ran bakwai. Ka kira fasto da sassafe ya yi karatu da addu'a ya raɗa sunan, a raba goro da dabino, a dama fura. Ka aika wa maƙwabtanka Musulmi goron gayya gida-gida, waɗanda kowace Layya suke aiko muku da nama, ku ma kuna kai musu shinkafar Nowel. Ni a sunayen 'ya'yana duka maƙwabcina nake roƙo ya yanka dabbar don kowa ya ci da kwanciyar rai, ban kuma ga ya rage mini komai ba, tunda naman na murna ne da ciyar da jama'a. Ba fansar yaro ba ce, an riga an fanshe shi. In akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, Romawa 14 ta hana ka raina shi, ta hana shi ya hukunta ka.

Aski ba komai, amma ka sayo sabuwar reza da hannunka. Cire beli kam ban yarda ba, ko wa ya kawo maganar. Ba zancen addini ba ne wannan, jini da ƙwayar cuta nake gudu, jariri bai da jinin zubarwa. In wata gwaggo ta zo da 'yar laya za ta ɗaura masa a wuya, ka karɓa da ladabi, ka yi godiya don ƙauna ce ta kawo ta, ka gaya mata a keɓe cewa ba za a ɗaura ba. Kada ka kunyata ta gaban mata.

Bashi kuwa kada ka ci. Akwai bunsuru a gidana, ya isa. Na kuma ji ana cewa akwai sauran kuɗin yaron shagonka na wata biyu da ba ka biya ba. In gaskiya ne, wannan ya fi damuna da duk abin da ka rubuto. Ka sallame shi kafin ranar, don shi za ka sa ya shimfiɗa tabarmin da fasto zai zauna a kai.

Suna ku biyu za ku zaɓa, kai da mai jego. In kun rasa, Ishaya na nan, Yakubu na nan. Zan iso ran jajibere da bunsurun da ƙwaryar goro. Ka ce wa ƙanwata ta aje mini fura mai nono da yawa, muna da magana.

Kawunka.