Daidaita, kwatanta, ko kuɗin goro?

Tambaya: Malam, ina koyon fassara. Na ci karo da kalmar Ingilishi "equate", ƙamus ya ba ni "daidaita". Da na sa ta a jimla sai na ji ba ta zauna ba. Ina matsalar take?

Amsa: Kunnenka bai yaudare ka ba. Kalmar ta samo asali ne daga Latin, daga "aequus", wato abin da yake daidai wa daida. Amma a bakin Bature yau, yawanci ba gyara abubuwa biyu ake yi su zama daidai ba. Ɗaukarsu ake yi a zuci a matsayin abu ɗaya, kuma sau da yawa mai magana yana nufin ɗaukar kuskure ce. Shi ya sa za ka fi jin ta a jimlar hani ko ƙorafi. Tana tafiya da "with", wani lokaci da "to".

Ita kuwa "daidaita" tamu aikin hannu ce. Liman yana cewa a daidaita sahu, tela yana daidaita hannayen riga, dattawa suna daidaita tsakanin miji da mata. A duk waɗannan akwai abin da ya karkace aka miƙar da shi. To idan ka rubuta "kada a daidaita tsakanin talauci da lalaci", Bahaushe zai iya tsayawa ya ce, dā faɗa suke yi? Abin da za ka ce shi ne "kada a ɗauki talauci da lalaci abu ɗaya", ko ka juya ta yadda ake faɗa a zaure: "talauci daban, lalaci daban". Ta biyun ta fi daɗin kunne, kuma ita zan zaɓa in dai ba takardar kotu ake fassarawa ba.

Inda "daidaita" ta dace sarai shi ne lissafi. Idan malami ya ce a daidaita 2x + 4 da 10, ya sa alamar daidai a tsakaninsu ke nan, x ya fito 3. Idan kuma "equate" ta zo da "to" a maganar kuɗi ko awo, ma'anarta "ya kama" ko "ya yi daidai da": dozin biyu ya kama guda 24.

Kada ka gudu zuwa "kwatanta". Mai kwatanta Kano da Katsina yana iya ƙarewa da bambancinsu, bai ce ɗaya suke ba. "Kamanta" ta fi kusa, sai dai ita ma ta tsaya a kama, kuma Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma "kuɗin goro", wadda ɗalibai ke son cusawa ko'ina. Ana yi wa jama'a kuɗin goro ne idan an haɗa mai laifi da marar laifi an yi musu hukunci ɗaya, kamar a ce duk 'yan kasuwa macuta ne. Tana son taro, ba ta son abu biyu. Ba a cewa an yi wa talauci kuɗin goro da lalaci. Idan kuwa kai ne kake ganin mutum biyu halinsu ɗaya, kuma ba halin kirki ba, sai ka ce duk kanwar ja ce, ko Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Sai ka kula da ƙugiya in kana rubutu a waya. "Daidaita" da "ɗaiɗaita" harufansu ɗaya in an cire lanƙwasar ɗ, amma ta biyun tarwatsawa ce. Wanda ya rubuta "rikici ya daidaita garin" alhali yana nufin mutane sun watse, ya ba da labarin zaman lafiya a inda aka yi gudun hijira.