Yadda muke girki a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum Yaya. Na ga tambayarki, wai ko gaskiya ne da garin rogo muke tuwo, kuma ko har yanzu akwai mai riƙe muciya a cikinmu, ko duk mun koma cin abincin Asante, wato 'yan asalin Kumasi. Maganar rogo gaskiya ce. Muciya kuwa tana nan daram, sai dai ta samu abokan zama da ba ki san su ba a Kano.

Kakanninmu fataucin goro ya kawo su. Salaga, wani gari a arewacin Ghana, ita ce babbar kasuwarsu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, bayan Turawa sun ci Kumasi a 1896 kuma aka yi ta gangarowa kudu ana kafa zango. Da yawansu ba su zo da mata ba, a nan suka auri Dagomba da Mosi da Wangara da sauransu. To kin san madafi na mace ne. Ga shi kuma ƙasar kurmi ce, gero da dawa sai an ɗauko su a mota daga arewa, wajen Tamale da Bolgatanga, alhali masara da rogo ga su nan ko'ina da araha. Abin da kasuwa ta bayar shi uwargida take ɗorawa.

Shi ya sa tuwonmu ya fi naku laushi nesa ba kusa ba. Talgen masara ake fara yi, idan ya nuna a ɗebi wani a ajiye a gefe. Sai a riƙa barbaɗa garin masara da aka gauraya da na rogo ana tuƙawa, in ya yi tauri a ƙaro daga talgen da aka ajiye, har ya yi santsi yana danƙo. Wurin tuƙin ne za ki ga abin da babu a gidanku. Tukunyar tana da kunnuwa biyu, ana maƙala wa kowanne ƙarfe mai ƙugiya, dogo har ƙasa. Mace ta zauna a kujerar tsugune, ta taka ƙarfen nan biyu da ƙafafunta, tukunya ta kafu a kan kurfoti ko motsi ba ta yi, hannuwanta biyu duka suna kan muciya tana dannawa tana shafa tuwon a jikin tukunya don kashe gudaji. Ba sai an kira yarinya ta riƙe mata da tsumma ba. Haka maƙwabtanmu suke tuƙa banku, tuwonsu na ƙullun masara mai tsami, mu ma haka muke yi. Da mara ake kwashewa, kuma da zafinsa ake ci. Ɗumame bai cika yin kyau da shi ba, wannan kam kun fi mu.

Miyar da ta fi tafiya da shi ita ce ta ayoyo, lalo ke nan ɗanye. A yanka ganyen, a tafasa da ɗan jiƙon kanwa, a burge da maburgi ko a bubbuga da tsintsiyar miya, a sa daddawa da garin busasshen kifi. Jar miya da nama daban ake yin ta, a zuba a gefe. Kuka da kuɓewa busasshiya muna yi, amma mai sayar da tuwo da babu ayoyo ba za ta ga layi ba.

Abin da na fi so ki gani shi ne asanka. Wani kasko ne na yumɓu, baƙi, mai faɗin baki, an yi masa zane-zane masu kaushi a ciki tun kafin a gasa shi. Abin niƙansa na itace ne, gajere, mai siririn ƙugu kamar ƙaramin kalangu. Ba jajjage ake yi a ciki ba irin na turmi, in kin buga sai ya tsage. Dannawa ake ana murzawa ana juya hannu. Gishiri da attaruhu ake fara sawa, gishirin ne ke taimakawa ya murƙushe fatar, sannan albasa, tumatir a ƙarshe saboda ruwansa. In an gama a cikinsa ake ci. Ina da bilenda, kuma ina amfani da ita in za a yi miyar taro. Amma tana buga kayan miya su koma ruwa mai kumfa, har sai kin daɗe kina soyawa kafin tsamin ya fita. Ga ɗauke wuta, wanda mu ma mun sha shi, musamman a 2015. Amaryar da aka kai babu asanka a kayanta, ni dai a ganina an rage mata wani abu.

Turmi biyu ne a gidaje da yawa. Akwai mai zurfi na surfe da dakan yaji da fura, akwai gajere mai faɗi na fufu. Rogo da agade ake dafawa, mutum ɗaya na tsaye da doguwar taɓarya, ɗaya na zaune tana tsoma hannu a ruwa tana juya curin tsakanin bugu da bugu, tana tsince jijiyar rogo. In kika kalla sai gabanki ya faɗi, amma hannun da taɓaryar ba sa haɗuwa. Kuma kada ki yi mamaki, samari ne suke dakan, babu mai cewa sun yi abin kunya. Yanzu injin fufu ya shigo unguwanni, masu sayarwa sun koma can, tsofaffi na ta mita.

Dutsen niƙa kam ya tafi, inji ake kai gero.

Abin da ya riƙe tsofaffin kayan nan, ban da sabo, sana'a ce. Matan zango su ke ciyar da gari da safe: koko da ƙosai, da waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa tare da karan dafi da kanwa har ta yi ja. Ku da mai da yaji kuke cin garau-garau, mu kuwa da shito, wato baƙin yajin da ake soyawa da mai, da garin rogo da taliya da ƙwai da ganda, a naɗe a ganye. Tukunyar da za ta ci rabin buhu ba ta hawa kan gas, sai murhun duwatsu uku da itace, tun kafin kiran assalatu. Koko ma sai an tace ƙullun da ƙyalle, ya kwana ya yi tsami, ga citta da kanumfari da barkono har ya fi naku yaji. 'Yar da ta tashi a irin gidan nan, kafin ta gama firamare ta iya hura wuta da firfita gawayi.

In mai zuwa ya samu zan aiko miki da asanka biyu daga kasuwar Kejetia, don hanyar Aflawo, bakin iyakar Ghana da Togo, zuwa Ikko ba ta da tausayin yumɓu. Ke kuma ki haɗo mana da daddawar kalwa da kuka mai kyau. A gaida su Inna da yara.