Ga mai tambaya kan horon tuƙin jirgin soja

Ka tambayi abin da zai fi taimakon sabon ɗalibi ya tsallake horon tuƙin jirgin soja. Ka fara tuƙa shi tun kana ƙasa. Kowane dare ka manna hoton ɗakin matuƙi a bango, ka ja kujera, ka bi tashin gobe daki-daki, hannunka na zuwa kan kowane maɓalli, bakinka na furta kiran rediyo. Matakan gaggawa kuwa, irin na mutuwar inji, ka haddace su har su zauna daram.

Da zarar kun ɗaga, ga ƙarar inji, ga hasumiya na magana, ga malami na lura da kai, duk abin da ka sani rabi da rabi guduwa yake. Ni kaina na taɓa daskarewa, yatsana kan maɓallin rediyo. In amai ya dame ka, gaya wa likitan sansani, kada ka sha magani a ɓoye.